Minti Uku a Gaban Kansiloli

Ran nan a wani shagon shayi da ke Bristol Road a nan Birmingham wani ɗalibi ya tambaye ni aikina. Na ce masa a council nake, wato ƙaramar hukuma, sashen tsara gari, ni ke duba takardun masu neman izinin gini. Sai ya dubi abokansa ya yi dariya ya ce, "Kai, Baba ya huta. A zauna a office, a buga stamp, a tafi gida." Saura kaɗan shayin ya sarƙe ni. Ni tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin tambarin da yake faɗa ba. To, tunda ku ɗaliban unguwar Selly Oak kun yanke cewa hutu nake yi, ku gyara zama ku ji irin hutun.

A Manchester na koyi aikin, a hannun wata Baturiya mai suna Maureen, gajeruwa, mai faɗa, wadda ba ta yarda da zane sai ta taka wurin da ƙafarta. Ranar farko ta dubi takalmina mai sheƙi ta ce in adana shi don ranar biki, ta miƙo mini na roba mai tsawo har gwiwa. Aikin da muka fara fita shi ne na wani ɗan kasuwa a Cheetham Hill da yake son ƙara wa sitonsa tsayi ta baya. A takarda komai ya yi daidai. Maureen ba ta ko shiga siton ba. Ta zagaya da ni lungun baya, ta buga ƙofar wata tsohuwa da ke maƙwabtaka, ta tsayar da ni a bakin tagar kicin ɗinta ta ce in nuna mata inda rana ke shigowa. Na nuna. Ta ce to in ɗora sabon bangon a idona in sake nunawa. Babu inda zan nuna. Ranar na gane cewa kowane zane da aka kawo mini, akwai wani mutum da ba ya cikinsa, kuma shi zai kwana da ginin.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne yana iya kunyata mutum. Akwai rula mai baki uku, kowane baki da ma'auninsa. Ka juya ta ba daidai ba sai ka mayar da banɗaki ya zama falo. Akwai tef ɗin awo, da kyamara, da taswirar da ke nuna iyakar da ruwa ke kaiwa in an yi ambaliya. Sai takardar sanarwa da muke ɗaurewa a jikin turken fitilar titi don maƙwabta su san abin da ake shirin ginawa. Na sha ɗaura ta cikin ruwan sama da yatsun da ba sa jin komai, washegari in tarar yara sun cire, in sake ɗaurawa.

Abin da ya fi ba ni wuya a farko kuwa ba ruwan sama ba ne. Dokar Maureen ce: kada ka sha shayin kowa. Ku duba fa, Bahaushe, a ce a kawo maka abu a gidan mutum ka ce a'a. Mai siton nan da kansa, da muka koma, ya sa yaransa suka kai kwalin dabino bayan motarmu, yana murmushi yana cewa ba komai ba ne. Maureen ta sa na ɗauko kwalin na mayar masa har gaban teburinsa. Da shekaru suka yi nisa na saba, har na zama mutumin da ake cewa a gari ba shi da daɗin sha'ani. Na karɓi sunan, don da shi na ci abinci har na koma Birmingham na kama aiki a wata council da ke gefen birnin, wadda ba zan faɗi sunanta ba.

Kowane ma'aikaci yana da shekararsa mai muni. Tawa ita ce shekarar gidan jirage.

Akwai wani tafki a yankinmu, tsohon dam ne, gefe ɗaya gidaje masu tsada a kan tudu, gefe ɗaya itatuwa da masu kamun kifi da ƙugiya. Wata ƙungiyar mata masu tuƙin kwale-kwale ta nemi izinin gina ɗan gidan da za su riƙa ajiye jiragensu. Na sa takalmin roba na tafi. Na tarar da wata tsohuwar kwantena a bakin ruwa, da wata mata sanye da hijabin wasanni tana jan dogon jirgi, siriri, mai kujeru a jere. Ta dubi katin da ke wuyana, ta karanta sunana, sai ta saki jirgin.

"Habu? Kawu, Bahaushe ne kai? Kai ne case officer ɗin, mai duba takardunmu? Alhamdulillahi, ai an gama!"

Na ce, "Ba a gama komai ba. Ina kwana dai. Daga nan kuma ba ni da 'ya, ba ni da ƙanwa. Nuna mini inda za ku sa harsashi."

Sunanta Asma'u, ma'aikaciyar jinya ce, a Sparkbrook take zaune. A jami'a ta koyi tuƙi, ta dawo ta tara mata: Hausawa, Somaliyawa, 'yan Pakistan, da wasu Turawa dattawa da suka ga ana yi suka shigo. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba, ta mayar da su suna fita tsakiyar tafki da filafili a hannu. Kwantenar nan izinin wucin gadi aka ba ta, kuma a ƙarshen shekarar zai ƙare, babu sabuntawa. In ba a samu ginin ba, babu inda jiragen za su kwana, kuma jirgi mai tsawon motar bas ba a kai shi flat. Na tambaye ta inda suke canza kaya in sun jiƙe. Ta nuna mini motocinsu. A ciki suke yi, su rufe gilasai da tawul, har a tsakiyar hunturu.

Na koma ofis na gaya wa shugabata cewa ni da mai neman izinin yarenmu ɗaya, amma ban taɓa ganinta ba sai yau. Ta ce yare ba dangantaka ba ne, in ci gaba. Duk da haka na daina zuwa taron 'yan uwa Hausawa na ƙarshen wata, don kada a tare ni da maganar a gaban tuwo.

Zanen nasu mai kyau ne. Dogon ɗaki na jirage, ɗakin canza kaya mai tagogi can sama kusa da rufi, da jerin famfuna a ƙasa-ƙasa daga waje don wanke taɓo daga ƙafa. Na auna, na ga harsashin ya ɗan shiga layin ambaliya, na sa suka ja shi baya. Da suka ja baya sai ya kusanci wata tsohuwar bishiya, a bishiyar kuma akwai jemagu. Kada ku yi dariya. A ƙasar nan jemage yana da masu tsaya masa fiye da ni da ku. Sai da aka kira masani ya zo ya saurari kukansu da na'ura, aka sake matsar da ginin, aka canza irin fitilun da za a sa. Asma'u ta yi duk abin da aka ce ba tare da ƙorafi ba. Ban taɓa samun mai neman izini mai saurin fahimta irinta ba.

Sai ƙorafe-ƙorafe suka fara shigowa. Masu ƙugiya sun ce za a kore musu kifi, wannan mai sauƙi ne. Na mutanen tudu ne ya tsaya mini a rai. Sun dubi zanen, sun ga tagogi a sama da famfuna a ƙasa, suka ce wannan ba gidan jirage ba ne, zauren taro ne aka yi wa lulluɓi. Za a riƙa salla da biki da suna, motoci za su cika musu titi. Na karanta, na sake karantawa, mamaki ya kama ni. Duk gidan jirage da na taɓa shiga a ƙasar nan yana da wurin wanke ƙafa, ba wanda ya taɓa tambaya. Na rubuta hakan a rahotona dalla-dalla, na ba da shawarar a amince, da sharaɗin cewa ginin na jirage ne kawai.

A nan ne ya kamata ku gane yadda aikin yake. Ƙananan abubuwa mu ke yanke su. Amma in hayaniya ta yi yawa, magana tana zuwa gaban kwamitin kansiloli, mutanen da aka zaɓa da ƙuri'a, ni kuma nawa shawara ce kawai. A zaman, mai adawa yana da minti uku, mai nema yana da minti uku. Akwai fitila a gaban mai magana: kore, sai ruwan ɗorawa, sai ja. Tana yin ja makirfo ya mutu, ko wane ne kai. Na gaya wa Asma'u abin da nake gaya wa kowa: tambaya ɗaya ce a zukatan kansilolin nan, wa zai yi amfani da ginin kuma don me. Na ce in ranar ta zo ta amsa ta da bakinta, ta zauna. Ta ce mini ta riga ta rubuta, tana ma gwadawa da agogon waya a lokacin hutunta a asibiti.

Ranar zaman na iso da fayil ɗina, sai na ga babbar motar haya a bakin ginin, maza na saukowa cikin manyan riguna da huluna, ƙamshin turare har bakin titi. Wasu fuskokin na san su tun zamana a Cheetham Hill. Daga Manchester aka yi gayya. Na shiga na duba sunayen masu magana, na ga an cire sunan Asma'u tun jiya an sa na Alhaji Garba.

Alhaji Garba dattijo ne, akanta mai ritaya, kusan duk Bahaushen da ya sauka a Birmingham ya ci abincin gidansa. In an yi rasuwa shi ne a gaba, in ɗalibi ya shiga matsala shi ake bugawa. Mutumin kirki ne, ba na faɗar haka don ladabi. Sai dai ko sau ɗaya bai taɓa zuwa bakin tafkin nan ba.

Na ci karo da Asma'u a baranda, takardarta a naɗe a hannu.

Na ce, "Me ya faru da sunanki?"

Ta ce, "Kawu, maigidana ne ya ba Alhaji labari a masallaci. Ya zo har gida da kansa. Ya ce ba zai yiwu yana garin nan a bar ni in tsaya gaban hukuma ni kaɗai ba, kamar marar gata. He means well, wallahi, niyyarsa ta alheri ce. Shi ya kira mutanen Manchester ma, don a ga muna da jama'a."

"Kin ba shi abin da kika rubuta?"

"Na ba shi. Ya ce ya gode, ya saba magana a gaban manya."

"Kin gaya masa minti uku ne?"

"Na gaya masa. Ya ce ai ba za su katse dattijo ba."

Ba ni da ikon ƙara ko kalma ɗaya. Ma'aikaci ba ya shirya wa mai nema magana a baranda. Na wuce na zauna a kujerata kusa da shugaban kwamiti, na gabatar da rahotona kamar yadda aka saba.

Mai adawa ta tashi, wata tsohuwar malamar makaranta daga gidajen tudu. Ba ta gai da kowa ba. Ta yi maganar titi, ta yi maganar motoci, ta ce an ce musu ƙungiyar mata ce 'yar ƙarama. Sai ta juya ta dubi benen 'yan kallo, inda maza suka cika kujeru har wasu na tsaye, matan ƙungiyar kuma an matse su can baya ba a ko ganinsu, sai Asma'u kaɗai da ke zaune a ƙasa bayan Alhaji. Ta ce tana roƙon kansiloli su duba da idonsu. Ta zauna fitila tana kore.

Alhaji Garba ya taso a hankali, ya gyara hannun rigarsa, ya tsaya gaban makirfo. Turancinsa ya fi nawa kyau. Ya fara da sunan Allah. Ya gai da shugaban kwamiti, ya yi masa fatan alheri shi da iyalinsa. Ya gai da mataimakiyarsa. Sannan ya bi kansilolin ɗaya bayan ɗaya, kowa da cikakken sunansa da unguwar da yake wakilta, don ya yi aikin gida ya haddace su duka, kada wani ya ji an raina shi. Ni ina kallon fitila. Ya juya bene ya ce ba zai yi adalci ba in bai ambaci manyan baƙi da suka baro Manchester ba. Yana kiran suna, mai sunan yana miƙewa yana ɗaga hannu. Kansiloli suka daina rubutu suna kallon mutane na tashi suna zama. Fitila ta koma ruwan ɗorawa.

Sai ya juyo gare ni da murmushi. Ya ce, godiya ta musamman ga ɗanmu, abin alfaharinmu, Malam Habu, wanda ya tsaya tsayin daka a kan wannan aiki na al'ummarmu.

Na ji kamar an watsa mini ruwan tafkin nan a baya. Shekaru ina mayar da dabino, ina ƙin shayi, ina guje wa tuwon taro, ga shi an tsaya a gaban kwamiti an ce ni ɗansu ne. Duk kawunan da ke teburin suka juyo kaina. Shugabata ta ajiye bironta.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ɗauko takardar Asma'u daga aljihu, ya warware ta, ya ce, "Yanzu kuma, game da abin da ya tara mu a nan..." Fitila ta yi ja. Bakinsa na motsi, ba a jin komai. Ya ɗan bubbuga makirfon da yatsa, yana zaton lalacewa ya yi. Shugaban kwamiti ya ce masa cikin ladabi lokacinsa ya cika, ya koma ya zauna. Ya tsaya yana kallonsa, bai gane ba. Daga bene na ji wani ya ce da Hausa, "Subhanallahi, dattijon za a katse?" Kalmar jirgi ba ta fito daga bakinsa ba, haka ma kalmar mata.

Tambayar farko da wani kansila ya yi ba a kan gini ba ce. Ya ce yana so ya sani ko ma'aikacin da ya rubuta rahoton ɗan mai magana ne. Na ce a'a, haka muke kiran duk wanda muka girma, kuma na sanar da ofis tun farko. Shugabata ta tabbatar. Aka rubuta. Amma daga nan duk abin da na faɗa ya canza ɗanɗano. Da aka zo kan famfuna na yi bayanin taɓo da sanyi da canza kaya a mota, ina ji da kunnena cewa muryata ta zama ta mai kare 'yan uwansa. Wata kansila ta ce ita abin da ta gani yau taron al'umma ne, kuma titin nan ba zai ɗauki irinsa duk mako ba. Aka ɗaga hannu. Aka ƙi.

A waje Alhaji ya tare ni, ransa a ɓace, ba don kansa ba. Ya ce, "Malam Habu, wane irin wuri ne wannan da ake hukunta mutum don ya yi gaisuwa?" Na ce masa Allah ya huci zuciyarsa na wuce. Makonni bayan haka aka bincike ni a ofis, aka bi duk wasiƙun da na yi da ƙungiyar, ba a sami komai ba. An wanke ni, amma an daina ba ni duk wani aiki da ke da suna irin namu a kai, ba tare da kowa ya faɗa ba.

Akwai ɗaukaka ƙara, kuma ina ganin da sun yi da sun ci. Sai dai tana ɗaukar watanni masu yawa, izinin kwantena kuma ba ya jira. Da shekara ta ƙare dole wani ya je ya tabbatar an ɗauke ta, ya ɗauki hoto ya rufe fayil. Da yake fayil ɗin nawa ne tun farko, ni aka tura.

Na je da safe, raɓa ta daskare a kan ciyawa. An riga an ɗauke kwantenar, sai shatinta a ƙasa. Jiragen suna ɗaure a kan doguwar tirela, wata ƙungiya daga wani gari ta zo karɓarsu. Asma'u ce kaɗai ta zo daga cikin matan, tana miƙa wa direban filafilai bibbiyu. Na ɗauki hotona. Na je na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta daina aikin ba.

Can ta tsaya ta ce, "Kawu, in tambaye ka. Lokacin da light ɗin nan ya koma yellow, ina zaune a bayansa, taku biyu ne tsakaninmu. Na haddace abin da zan faɗa, rabin minti ya ishe ni. Da na tashi na karɓe makirfon daga gabansa, da me za ka ce?"

Na buɗe baki zan ce da kin kyauta. Sai na hango abin a idona: dattijo a tsaye da furfurarsa, baƙi cike da bene, ita kuma ta ratso ta gabansa.

Na ce, "Da na ce a raina yarinyar nan ba ta da kunya."

Ta gyaɗa kai. "Na sani. Kai na kalla kafin in yanke shawara. Shi ya sa na zauna."

Ta ɗauki filafilai biyu na ƙarshe ta miƙa wa direban, ya ɗaure su, ya tayar da mota.